Andrew Jackson da Batun Su Wane ne Jama'a

Ranar 4 ga Maris, 1829, bayan an rantsar da Andrew Jackson a matsayin shugaban Amurka na bakwai, dubban mutanen da suka zo daga ƙauyuka da garuruwa masu nisa suka bi shi a baya har Fadar White House, suka kutsa ciki ba tare da wani ya gayyace su ba. Manoma masu takalma duk taɓo suka riƙa hawa kujerun alfarma domin su hango fuskarsa, aka farfasa tangaran da kofuna, cunkoso ya yi yawa har sai da aka sulale da sabon shugaban zuwa masaukinsa, ma'aikatan fadar kuma suka yi dabarar fitar da manyan mazuban abin sha zuwa farfajiya domin jama'a su bi su waje. Alƙalin Kotun Ƙoli Joseph Story, wanda ya ga abin da idonsa, ya rubuta cewa mulkin 'yan hayaniya ne ya yi nasara. Magoya bayan Jackson kuwa suna ganin ranar ce talaka ya shiga gidansa a karon farko.

Tun daga lokacin ake kiran wannan zamani da sunan mutumin, ana cewa shi ne ya buɗe wa talakan Amurka ƙofar siyasa. Ra'ayina shi ne an ba shi yabon da ya fi aikinsa, an kuma rage masa laifin da ya kamata ya ɗauka. Dimokuraɗiyya ta bunƙasa a zamaninsa, wannan babu musu, amma wasu hannaye ne suka faɗaɗa ta tun kafin ya hau mulki. Abin da shi ya ƙirƙiro daban ne: shi ne shugaba na farko da ya ce muryarsa ita ce muryar jama'a, ya kuma yi amfani da wannan da'awa wajen rinjayar majalisa da kawar da kai daga hukuncin kotu, alhali jama'ar da yake nufi ba ta haɗa da yawancin mutanen da ke zaune a ƙasar ba.

Kafin zuwansa, shugabanni shida ne suka mulki Amurka. Huɗu manyan masu gandu ne daga jihar Virginia, wato Washington da Jefferson da Madison da Monroe, sauran biyun kuma uba ne da ɗansa daga gidan Adams na Massachusetts. Waɗanda suka rubuta kundin tsarin mulki a 1787 ba su amince da ra'ayin gama-garin mutane ba, shi ya sa suka sa wakilai na musamman su zaɓi shugaban ƙasa, suka bar zaɓen sanatoci a hannun majalisun jihohi. A yawancin jihohi sai mai fili ko mai biyan wani adadin haraji ne ke jefa ƙuri'a, ɗan takarar shugaban ƙasa kuwa 'yan majalisa na jam'iyya ne ke kulle kansu a ɗaki a Washington su fitar da shi.

Wannan gini ya fara tsagewa ne daga jihohi. Maryland ta soke sharaɗin mallakar dukiya ga fararen maza tun farkon ƙarni na 19. Sababbin jihohin yamma irin su Indiana a 1816, Illinois a 1818 da Alabama a 1819 sun shigo tarayyar da tsarin da ya bai wa kowane baligi farin namiji ƙuri'a, domin a wurin da ake neman masu zuwa su sare daji su yi noma babu mai iya ce wa baƙo ba shi da ta cewa. Tsofaffin jihohin gabas suka ga mutanensu na ƙaura, suka fara sassautawa, har New York ta kira babban taron gyaran tsarin mulkinta a 1821. Duk wannan ya faru ne lokacin da Jackson yake soja ko yake gandunsa a Tennessee. A zaɓen 1824 jihohi shida ne cikin 24 majalisunsu ke naɗa wakilan zaɓen shugaban ƙasa ba tare da tambayar jama'a ba, a 1828 suka koma biyu, a 1832 kuma South Carolina ce kaɗai ta rage. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye da ya fito daga ofishin shugaban ƙasa, domin dokar wanda zai yi zaɓe a hannun jihohi take.

Abin da ya ba Jackson makami shi ne zaɓen 1824. Ya fi kowa ƙuri'ar jama'a, ya kuma samu wakilai 99, John Quincy Adams ya samu 84, William Crawford 41, Henry Clay 37. Da yake babu wanda ya kai rinjayen da doka ta nema, maganar ta koma Majalisar Wakilai, inda Clay ya mara wa Adams baya, Adams kuma ya naɗa shi sakataren harkokin waje bayan 'yan kwanaki. Ba a karya wata doka ba, amma Jackson ya kira abin cinikin rashin gaskiya, ya kuma shafe shekara huɗu yana faɗa wa mutane cewa manya sun sace musu zaɓe. Martin Van Buren na New York, wanda ya fi kowa a zamaninsa sanin yadda ake ɗinka jam'iyya, shi ne ya mayar da wannan fushi ya zama tsari: kwamitoci a gundumomi, jaridun jam'iyya, gangami da liyafar gasa nama, da ƙawance tsakanin masu gandun kudu da talakawan arewa. Masu jefa ƙuri'a suka tashi daga kimanin 365,000 a 1824 zuwa sama da miliyan ɗaya a 1828, Jackson ya lashe da wakilai 178, Adams ya tsira da 83. Jam'iyyar Democrat ta yau daga nan ta samo asali.

Ya kamata a yi wa mutumin adalci game da asalinsa. An haife shi a 1767 a yankin karkara da ke iyakar Carolina ta Arewa da ta Kudu, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, yaƙin neman 'yanci ya cinye masa 'yan'uwa biyu da mahaifiya, ya zama maraya yana ɗan shekara 14. Tabon takobin hafsan Birtaniya da ya sare shi don ya ƙi goge masa takalmi yana jikinsa har ya mutu. Nasarar da ya yi a kan sojojin Birtaniya a New Orleans a watan Janairun 1815 ita ta mayar da shi gwarzon ƙasa. Ƙiyayyarsa ga masu gadon arziki ba ta wasan kwaikwayo ba ce. Amma a lokacin da ya tsaya takara ya daɗe da barin talauci, ya zama lauya, dillalin filaye kuma mai babban gandun auduga kusa da Nashville, inda ya mutu a 1845 yana riƙe da bayi kimanin 150.

Inda ya fi cancantar a saurare shi shi ne rikicinsa da Bankin Amurka na Biyu. An kafa bankin a 1816 da lasisin shekara 20 da jarin dala miliyan 35, gwamnati na da kashi ɗaya cikin biyar na hannun jari, sauran na 'yan kasuwa ne, har da na ƙasashen waje. A cikinsa ake ajiye kuɗin gwamnati, shi ke juya akalar bashi a faɗin ƙasar, amma shugabansa Nicholas Biddle ba ya jin akwai wanda zai yi wa bayani. Bankin yana ba 'yan majalisa da masu jaridu rance, Sanata Daniel Webster kuma lauyansa ne da ake biya. Da Clay ya tura ƙudurin sabunta lasisin shekara huɗu kafin lokaci domin ya jefa Jackson cikin tsaka mai wuya a shekarar zaɓe, Jackson ya hau kujerar na-ƙi ranar 10 ga Yuli, 1832, ya kuma aika da saƙon da a zahiri ba majalisa yake yi wa magana ba, masu zaɓe yake yi wa. A ciki ya ce abin takaici ne yadda masu kuɗi da masu ƙarfi ke lanƙwasa ayyukan gwamnati don biyan buƙatar kansu, kuma manoma da masu sana'a da 'yan ƙwadago suna da haƙƙin kokawa idan doka ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. Na yarda da wannan magana ɗari bisa ɗari. Biddle da kansa ya gaskata ta daga baya, lokacin da ya matse bashi da gangan a 1833 da 1834, 'yan kasuwa suka riƙa durƙushewa, don kawai ya tilasta wa gwamnati ta sake tunani.

Sai dai gaskiyar ƙorafi ba ta halatta kowace hanya. Bayan ya kayar da Clay a zaɓen 1832 da wakilai 219 a kan 49, Jackson ya ɗauki sakamakon a matsayin izinin kashe bankin tun kafin lasisinsa ya ƙare. Doka ta ce sakataren baitulmali ne kaɗai ke da ikon kwashe kuɗin gwamnati daga bankin, Majalisar Wakilai kuma ta riga ta zartar cewa kuɗin suna cikin aminci. Sakataren da ke kai bai goyi bayan shirin ba, aka mayar da shi wata ma'aikata. Wanda ya gaje shi, William Duane, ya ƙi sa hannu, ya kuma ƙi yin murabus, aka kore shi a watan Satumban 1833. Sai aka kawo Roger Taney, wanda ya aikata abin da ake so, aka rarraba kuɗin jama'a ga bankunan jihohi, da yawansu na abokan jam'iyya. Majalisar Dattawa ta yi tir da shugaban a hukumance a watan Maris na 1834, shi kuma ya mayar da martani da cewa shugaban ƙasa shi ne wakilin al'ummar Amurka kai tsaye. Wannan jimla ita ce ainihin gadon da ya bari. Ma'anarta ita ce 'yan majalisa kowannensu ɓangare yake wakilta, shi kaɗai ne ke wakiltar kowa, saboda haka wanda ya ja da shi da jama'a yake ja. Sau 12 ya hau kujerar na-ƙi, fiye da dukan magabatansa shida a haɗe, abokan hamayyarsa suka zana shi da kambi da alkyabbar sarauta suna kiransa Sarki Andrew na Farko.

Talakan da aka yi yaƙin da sunansa bai ci ribarsa ba. Bankunan jihohi suka yi ta buga takardun kuɗi, cinikin filaye ya haukace, Jackson ya ba da umarni a 1836 cewa sai da zinariya ko azurfa za a sayi filin gwamnati, sannan a 1837, makonni kaɗan bayan ya sauka, tattalin arzikin ya rushe. Faɗuwar farashin auduga da matse bashi da Bankin Ingila ya yi suna cikin dalilan, don haka ba za a ɗora masa dukan laifin ba, amma ya rushe wata hukuma bai gina komai a madadinta ba. Haka batun raba muƙamai. Hujjarsa cewa aikin gwamnati ba gadon gidan kowa ba ne hujja ce mai kyau, sai dai a aikace ta koma abin da Sanata William Marcy ya faɗa ba kunya, cewa ganima ta wanda ya ci yaƙi ce. Samuel Swartwout, wanda Jackson ya naɗa shugaban kwastan na tashar New York duk da gargaɗin Van Buren, ya gudu Ingila a 1838 bayan fiye da dala miliyan ɗaya ta yi ɓatan dabo a hannunsa.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne idan aka kwatanta da abin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar. Ƙabilar Cherokee da ke arewacin Georgia ta yi duk abin da Turawa suka ce shi ne wayewa. Wani ɗansu mai suna Sequoyah ya ƙirƙiro wa harshensu rubutu a 1821, suka rubuta kundin tsarin mulki a 1827, suka fara buga jarida da harshensu da Ingilishi a 1828, suna da makarantu da kotuna da gonaki, wasu manyansu ma har bayi suka mallaka kamar maƙwabtansu. Suna da yarjejeniyoyi da gwamnatin tarayya da suka tabbatar musu da ƙasarsu. Mayaƙansu sun yi yaƙi a ƙarƙashin Jackson kansa a Horseshoe Bend a 1814, cikinsu har da John Ross wanda ya zama shugabansu daga baya. Amma auduga na buƙatar ƙasa, aka kuma gano zinariya a yankin, fararen Georgia masu sabuwar ƙuri'a a hannu suna son filayen. Jackson ya sa dokar kwashe ƙabilun zuwa yammacin kogin Mississippi a sahun gaba na ayyukansa, ya sa mata hannu a watan Mayun 1830.

Cherokee ba su ɗauki makami ba, kotu suka tafi. A watan Maris na 1832, a shari'ar wani mai wa'azin Kirista, Samuel Worcester, wanda Georgia ta yanke wa ɗaurin shekara huɗu don ya zauna a cikinsu ba da izinin jihar ba, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yanke cewa Cherokee al'umma ce mai ƙasarta, dokokin Georgia ba su da iko a cikinta. Georgia ta yi biris da hukuncin, ta ci gaba da raba filayensu ga fararen fata ta hanyar ƙuri'ar caca, shugaban ƙasa kuma bai ɗaga yatsa ba. A ƙarshen 1835 wakilan gwamnati suka samu wasu tsiraru da ba su da izinin majalisar ƙabilar suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota, wadda ta sayar da ƙasar a kan dala miliyan biyar. Ross ya tattara sa hannun mutanensa kimanin 15,000 suna cewa ba da yawunsu ba, Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar da ratar ƙuri'a ɗaya tak. A 1838, a zamanin Van Buren wanda ya gaji Jackson, sojoji suka riƙa fitar da iyalai daga gidajensu, aka tara su a sansanoni cikin zafi da cuta, sannan aka kora su ɗaruruwan mil cikin hunturu. An ƙiyasta cewa kimanin 4,000 daga cikin 16,000 ne suka mutu. Ƙabilun Choctaw da Creek da Chickasaw da Seminole duk sun sha irin tasu.

Abin da ke damuna a wannan labari shi ne ba a yi shi a bayan idon jama'a ba, da ƙuri'arsu aka yi shi. Faɗaɗa zaɓe ga fararen talakawa ya ƙara wa masu neman filin Cherokee ƙarfi ne. Haka kuma a daidai shekarun da ake cire sharaɗin dukiya ga fari, ana ƙwace ƙuri'a daga baƙaƙen fata 'yantattu da a da suke da ita. Taron New York na 1821 ya ɗora wa baƙar fata kaɗai sharaɗin mallakar kadarar dala 250. Tennessee, jihar Jackson, ta hana su zaɓe a 1834, Carolina ta Arewa a 1835, Pennsylvania a 1838. Matan New Jersey masu dukiya, waɗanda suke zaɓe tun zamanin 'yanci, an riga an cire su a 1807. Katangar dukiya aka rushe, aka gina ta launin fata a gurbinta, kuma sabuwar ta fi tsohuwar wuyar haurawa, domin mutum na iya tara dukiya amma ba zai iya sauya fatarsa ba. Lokacin da masu yaƙi da bauta suka fara aika takardunsu kudu ta gidan waya a 1835, gungun mutane suka fasa gidan wayar Charleston suka ƙona su, shugaban hukumar gidan waya Amos Kendall ya bar ma'aikatansa su riƙa tsare irin waɗannan takardu, Jackson kuma ya nemi majalisa ta haramta aika su gaba ɗaya.

Masu kare shi kan ce mutumin zamaninsa ne, bai kamata a auna shi da ma'aunin yau ba. Ban karɓi wannan uzuri ba, domin mutanen zamanin nasa ne suka fara tuhumarsa. Dokar kwashe ƙabilun ta wuce a Majalisar Wakilai da ƙuri'a 102 a kan 97. Sanata Theodore Frelinghuysen na New Jersey ya yi kwana uku yana jawabi a kanta, yana tambayar ko adalci yana sauyawa da launin fata. Davy Crockett, ɗan majalisa daga Tennessee kuma ɗan karkara na gaske, ya ƙi goyon bayanta, ya kuma faɗi zaɓe na gaba. Mata da ba su da ƙuri'a, bisa jagorancin irin su Catharine Beecher, sun aika wa majalisa takardun koke. Da mutum uku sun sauya ra'ayi a ranar, da dokar ta faɗi. Kuma ba za a ce Jackson ba shi da ƙarfin tanƙwara jiha mai taurin kai ba. A ƙarshen shekarar 1832 ɗin nan, da South Carolina bisa tunanin mataimakin shugaban ƙasa John Calhoun ta ce ta soke dokar harajin shigo da kaya a cikin iyakarta, ya fitar da sanarwa cewa ɓallewa da makami cin amanar ƙasa ne, a farkon 1833 kuma ya nemi majalisa ta ba shi izinin amfani da soja, ta kuma ba shi. Wannan tsayuwa ta taimaki haɗin kan Amurka, Shugaba Abraham Lincoln ma ya jingina da ita bayan shekara kusan talatin. Amma ta nuna cewa zaɓi ya yi: ya kare ikon tarayya a kan haraji, ya bar shi ya faɗi a kan rayukan Cherokee, duka a cikin shekara guda.

Idan akwai alherin da ya fito daga salon mulkinsa, ta hannun abokan adawarsa ya zo. Tsoron shugaba mai ƙarfi ya haɗa su suka kafa jam'iyyar Whig, suka koyi cewa ba a cin zaɓe da raina masu zaɓe. A 1840 suka ɗauki William Henry Harrison, ɗan babban gida daga Virginia, suka tallata shi a matsayin tsohon soja mazaunin bukkar katako, suka kayar da Van Buren a zaɓen da kimanin kashi 80 cikin 100 na masu haƙƙin zaɓe suka fito. Jam'iyyu biyu masu ƙarfi da ke karɓar mulki daga juna ba da jini ba, jaridu masu araha, da al'adar taro da rubuta koke, waɗannan su ne suka raya dimokuraɗiyyar Amurka, kuma da su ne waɗanda aka bari a waje suka yi amfani daga baya, kamar matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 suna neman ƙuri'a. Taney kuwa, wanda Jackson ya saka wa da kujerar Alƙalin Alƙalai a 1836, shi ne ya yanke a 1857, a shari'ar Dred Scott, wani bawa da ya nemi 'yancinsa a kotu, cewa baƙar fata ba zai iya zama ɗan ƙasar Amurka ba.

A 1836 Majalisar Wakilai, inda 'yan jam'iyyar Jackson ke da rinjaye, ta kafa ƙa'idar cewa duk takardar koke da ta shafi bauta za a ajiye ta ba tare da an karanta ko an tattauna ba. Wanda ya tsaya ya yaƙi wannan ƙa'ida shi ne John Quincy Adams, mutumin da aka kayar a 1828 da sunan cewa ɗan manya ne da bai san talaka ba. Ya koma majalisa a 1831 a matsayin wakilin gundumarsa, ya riƙa miƙewa da tarin takardun koke daga mata da 'yantattun baƙaƙen fata, ana yi masa ihu, ana neman a tsawata masa a hukumance, yana amsa cewa haƙƙin kai kuka ga hukuma ba na masu ƙuri'a kaɗai ba ne. Shekara takwas ya yi a kan haka, har majalisa ta soke ƙa'idar bisa ƙudurinsa a watan Disamban 1844.